Uwar Ɓeraye Ta Ajiye Farar Riga

Kafin masu shara su gama da barandar asibitin, ita ta riga ta sauka ɗakin ƙasa. Wata siririyar matakala ce a bayan ɗakin ajiyar magani, wadda da yawa daga ma'aikatan sama ba su san inda ta nufa ba. Takan cire takalmin waje ta sa na roba, ta wanke hannu har gwiwa, ta zura farar riga, ta ɗaura takunkumi, sannan ta tura ƙofar ɗakin ɓeraye a hankali, don ta ce ƙarar ƙofa tana ɓata musu rai na yini guda. Daga nan sai ta bi keji ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗaga kwalbar ruwa ta ga ko an sha, ta ɗora wannan a tafin hannu ta ji nauyinsa, ta leƙa kan wancan ta ga yadda ɗinki ke warkewa. Tana yi tana yi musu magana ƙasa-ƙasa.

"Kai kuma me ya hana ka ci? Dubi 'yar'uwarka, har ta fara fin ƙarfin ƙofa."

Ɗalibai da likitoci Anti suke ce mata. Masu gadi ne suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye. Da farko takan harare su, daga baya ta gaji ta fara amsawa. A ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki, bayan shekarun da ta shafe a ɗakin da babu taga. Na ga bai kamata ta tafi shiru kamar yadda ta yi aikin shiru ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni ba masanin kimiyya ba ne, malamin makaranta ne. Ƙanwata Auta ce ta haɗa ni da Anti.

Auta tana ajin ƙarshe a sakandare ciwon waswasi ya kama ta. Da wanke hannu ya fara. Ta wanke, ta tashi, ta dawo ta sake, har fatar ta tsattsage tana jini. Daga baya ya koma kan ƙofa da murhu da duk abin da ake rufewa ko kashewa. Sai ta shirya fita da hantsi, rana ta yi sanyi tana tsaye a bakin ƙofa tana taɓa kwaɗo. Abin da ya fi cin rai shi ne da hankalinta ras. Takan ce min, "Yaya, na fa san hannuna babu datti. Wani abu ne a kaina ba ya yarda." An sha magani kala-kala, an zauna da likitocin ƙwaƙwalwa shekara da shekaru. Ƙawayenta suka gama karatu, suka kama aiki, wasu suka hayayyafa, ita tana tsakanin ɗaki da famfo. Mahaifiyarmu ta tsufa a bakin ƙofar banɗaki, da tawul a hannu, tana jira.

Da magunguna suka gaza, likitanta ya kira mu ya ce akwai wani gwaji da ake yi wa mutane kaɗan waɗanda ciwonsu ya ƙi jin komai. Tiyata ce. Za a zura wasu siraran wayoyi can cikin ƙwaƙwalwa, a haɗa su da wani ɗan batir da za a binne a ƙarƙashin fatar ƙirji, ya riƙa aika lantarki kaɗan-kaɗan zuwa inda ciwon ke tasowa. Bai yi mana alkawarin komai ba. Ni na tsorata, mahaifiyarmu ta yi kuka, Auta ce ta ce a yi.

An yi, an kunna. Watannin farko ba su yi mana daɗi ba. Wankin hannu ya ragu kaɗan, amma barci ya ƙaurace mata, ta zama ba ta iya zama wuri ɗaya, magana tana fita da sauri kamar ana kora ta. In an rage ƙarfin lantarkin waswasi ya dawo, in an ƙara ta rasa natsuwa. Na fara zargin kaina da barin a buɗe mata kai a banza. Wata rana likitan ya ce za su gwada wani sabon salo. Maimakon lantarkin ya riƙa gudu ba tsayawa, zai riƙa zuwa a gajerun bugu, ya huta, ya sake.

Na ce, "Likita, wannan kuma daga ina kuka samo shi?"

Ya nuna ƙasa da bironsa. "Daga ƙarƙashin ƙafarka."

Ba zan ce Auta ta warke ba, don ba ta warke ba. Har yanzu akwai ranakun da takan makale a bakin famfo. Amma tana barci. Tana dafa abinci ta kashe murhu ta juya baya. Ranar da maƙwabciyarmu ta miƙo mata jariri ta karɓa ba tare da ta nemi ruwa ba, mahaifiyarmu ta tashi ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Bayan nan ne na roƙi likitan ya nuna min abin da ke ƙarƙashin ƙafata.

Farfesan da ke shugabantar binciken ya karɓe ni, ya sa aka ba ni riga da takunkumi, ya miƙa ni ga wata gajeruwar mace mai tabarau, wato Anti. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bayanin boko Farfesa zai yi maka. Ni abin da hannuna ya taɓa zan faɗa maka."

Ta kai ni gaban wani akwatin gilashi. A ciki akwai ɓera yana ta goge fuska da ƙafafunsa na gaba, ba ƙaƙƙautawa. Gashin gefen fuskar ya zube, fatar ta yi ja. A kansa akwai wani ɗan maɓalli da zare ya fito daga ciki.

"Irin waɗannan haka suke," in ji ta. "Tsafta suke yi har su ji wa kansu ciwo. Wannan zaren na gilashi ne, bai fi gashin kai kauri da yawa ba, haske yake ɗauka. Akwai wani sinadari da aka samo daga gansakukar ruwa mai jin haske. Muna sa shi ya zauna a cikin irin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da muke so kaɗai, ban da maƙwabtansu. In haske ya sauka, su kaɗai za su motsa."

Na ce to me ya haɗa wannan da batirin da ke ƙirjin ƙanwata.

"Lantarki ba ya zaɓe," ta ce. "Kamar ka tsaya a bakin layi ka ƙwala kira ne, kowa ya leƙo, mai barci ma ya farka. Haske kuwa ƙofar mutum ɗaya yake ƙwanƙwasawa. Mutane ba a sa musu hasken ba tukuna. To sai mu tambayi ɓera: ƙofar wa ya kamata a buga, kuma wane irin bugu yake amsawa? In mun gane, su Farfesa su je su koya wa lantarki irin wannan bugun."

Ta danna wani abu. Zaren ya yi shuɗi, ya ɗauke, ya sake yi. Ɓeran ya sauke ƙafafunsa. Ya ɗan tsaya kamar wanda aka tayar daga mafarki, sannan ya tafi kusurwa yana shinshina. Na kasa ɗauke ido daga kansa. Anti ta jawo min kujera da ƙafarta, na zauna, sannan ta tambaye ni.

"Wa gare ka a sama?"

"Ƙanwata."

"Ba a gaya mana sunayensu, haka dokar take. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba." Ta gyara tabarau. "Tana barci? Tana ci? Tana yi maka rashin kunya?"

Na ce ta fara.

"To Alhamdulillahi. In ƙanwa ta fara rashin kunya, sauƙi ya zo."

Tun daga ranar na zama ɗan gida a ɗakin ƙasa, kuma abin da zan faɗa yanzu daga bakin waɗanda suka yi aiki da ita na ji shi. Ita ke gyara zaren nan, ta yanka, ta goge bakinsa har ya yi santsi. Ita ke sa ɓera barci, ta kafa kansa, ta zura zaren zuwa wurin da bai kai ƙwayar gero ba tana kallo ta madubin ƙara girma. Mace ce mai son shayi, amma ranar tiyata ba ta kai shi baki sai an gama, don kada hannu ya yi rawa. In an gama ba ta tashi. Takan ɗora ɓeran a kan shimfiɗa mai ɗumi ta zauna har ya farfaɗo, ta ba shi maganin raɗaɗi, ta ga ya sha ruwa. In lokacin ƙarshen ɓera ya yi, don aikin yana da wannan ɓangaren ma, da hannunta take yi, ba ta barin sababbin zuwa, kuma ranar ba a jin barkwancinta. A takardun da ake bugawa, sunanta yana can ƙasa cikin ƙananan haruffa, inda ake gode wa waɗanda suka taimaka.

Wadda suke kira Dakta Ƙarama, wadda a lokacin ɗaliba ce mai neman digirin ƙarshe, ta ba ni labarin da ba ta mantawa. Sun shafe kusan shekara suna wani gwaji, sakamako ya fito da kyau fiye da yadda kowa ya zata. Farfesa ya aika aka sayo lemo da biskit. Ana cikin murna Anti ta shigo da wani ɗan faranti a hannu, fuskarta ba walwala.

"Farfesa, a dakata da lemon nan. Zarurrukan da na gyara a karo na biyu, na duba ragowarsu yau da safe. Wasu sun tsage a gefe, haske yana yoyo. Ban san nawa ne daga cikin waɗanda muka dasa suke haka ba. Laifina ne, na canja abin gugar ban sake gwadawa ba."

Dakta Ƙarama ta ce kowa ya ajiye lemonsa. Babu wanda zai taɓa ganewa da Anti ta yi shiru. Ita kuwa ɗalibar, kammala karatunta ne ya koma baya da watanni, ga tallafinta yana dab da ƙarewa. Ta shiga banɗaki ta yi kuka, ta fito ta yi mako ba ta gaishe da Anti ba.

"Wata rana ta tare ni a matakala," in ji Dakta. "Ta ce, 'Yata, ki yi fushinki, kina da gaskiya. Amma abin nan a kan ɗan wani za a sa shi. In ƙarya muka aika sama, wa zai ɗauki alhakin?' Sai ta ce in zo mu fara daga farko, ita za ta riƙa zuwa har ranakun hutu."

Suka sake. Sakamakon na biyu bai kai na farko armashi ba, amma na gaskiya ne, kuma a cikinsa aka fara ganin cewa bugu da hutu ya fi gudu ba tsayawa. Wannan shi ne abin da daga baya ya hau matakala ya isa ƙirjin Auta.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya zaunar da mace irin wannan a ɗakin da rana ba ta shiga, alhali an sha yi mata tayin komawa sama inda aiki ya fi sauƙi. Farfesa ne ya fara ɓalle min bakin zancen, sauran ita ta ƙarasa min da kanta, kuma da izininta nake faɗa.

Maigidanta direban bas ne a da. Abokansa Rediyo suke ce masa, don in ya buɗe baki a tasha sai an roƙe shi ya rufe. Shi ne mai ba fasinja dariya har su wuce inda za su sauka. A haka ta san shi, a haka ta aure shi. Yaransu suna firamare ciwon damuwa mai tsanani ya sauko masa, ba tare da wani dalili da za a nuna da yatsa ba. Ya daina fita, ya daina waƙa a wanka, magana ta riƙa raguwa har ta koma "to" da "a'a". An yi magani, wani ya ɗan ɗaga shi na 'yan watanni ya sake saki. A lokacin tana aikin gwajin jini a sama. Da ta ji an buɗe sashen binciken ƙwaƙwalwa a ƙasa suna neman mai kula da dabbobi, ta rubuta takardar neman canji a ranar.

"Na ɗauka shekara biyu ko uku ne a samo," ta ce min tana dariyar da ba ta kai ido ba. "Ka ga rashin sani."

Lokacin da aka fara dasa wa mutane wayoyin lantarkin, Farfesa da kansa ya hau sama ya yi magana da likitocin tiyata a kan maigidan. Suka duba shi da kyau. Amsar ba ta yi daɗi ba. Gwajin na masu waswasi ne, na masu irin ciwonsa yana baya sosai. Ko da an kai can, zuciyarsa ta yi rauni, yana shan maganin tsinka jini, ba likitan da zai yarda ya taɓa masa kai. Farfesa ya ce bai taɓa ɗaukar saƙo mai nauyin wannan ba. Ya faɗa mata, ya ce ta ɗauki hutu ko na mako biyu ne.

"Washegari na sauko na tarar da ita tana canja ruwa," in ji shi. "Na ce, Anti, ba na ce ki huta ba? Ta ce, Farfesa, matar wani ma tana jira."

Na taɓa kai mata ziyara gida. Ɗaki biyu ne da falo a hawa na biyu, tsaf-tsaf. Maigidan yana zaune a kujerar kusa da taga, an yi masa aski, rigarsa a goge. Na gaishe shi, ya ɗaga ido ya amsa da kai. Ta kawo masa shayi ta riƙe kofin har ya kama da kyau, tana ba shi labarin wanda ya yi ƙiba da wanda ya ciji ɗaliba, kamar yadda ta ce tana yi kullum in ta dawo. Bai ce komai ba. Da ta rako ni bakin matakala na tambaye ta me ta fi kewa.

"Faɗa," ta ce. "Mutumin nan da har a kan gishiri sai mu yi musu. Ya ce ya yi yawa, in ce bakinsa ne. Wallahi da zai tashi yau ya kushe min miya, da na yi rawa a tsakar falon nan. Ka san akwai kewar wanda ya yi tafiya. Wannan kuwa yana gabanka, kana jin numfashinsa, kana kewarsa."

Ita ta je ta sami Farfesa ta ce lokacin ajiye aiki ya yi. Hannun dama ya fara ɗan karkarwa, kaɗan ne, ba wanda ya lura, amma ta ce ba za ta jira sai ɓera ya gaya mata ba. Ta yi wata shida tana zaune a gefen waɗanda za su gaje ta, hannunta a cinya, bakinta yana aiki. An yi ɗan taron sallama a ɗakin shan shayi. Farfesa ya tashi zai yi jawabi, ya kai tsakiya ya tsaya, ya cire tabarau yana gogewa. Da izinin likitanta, na zo da Auta. Na ce, "Anti, ga mai rashin kunyar."

Anti ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce, "'Yata, in ba damuwa, a ina yake?" Auta ta kamo hannun nan mai karkarwa ta ɗora a ƙirjinta, inda batirin ya ɗan taso a ƙarƙashin fata. Suka tsaya a haka. Anti ta ce, "Ashe ɗan ƙarami ne."

Anti, ke ce kika shuka abin da kika san ba a gidanki za a girbe ba, kuma ba ki rage ko hatsi ɗaya ba don haushi. Ke ce kika zaɓi fushin ɗaliba da ɓacin ran Farfesa a kan ki bar ƙarya ta hau sama. Mai hannun da ba ya gaggawa, uwar marasa baki. Mahaifiyarmu ta ce in gaya miki tana sa ki a addu'a da sunan da ta sani, wato matar ɗakin ƙasa. A can kuwa, Dakta Ƙarama ta ce har yanzu in ƙofa ta motsa da safe sai ta ɗaga kai.

Ga masu karatu, roƙona kaɗan ne. In kuna da mai irin wannan ciwo a gida, kada ku ɓoye shi a ƙuryar ɗaki, ku kai shi ga likita, ku kuma zauna kusa da shi ko ba ya magana. Binciken nan bai ƙare ba, waɗanda ya isa gare su ba su da yawa, masu jira sun fi su nesa ba kusa ba. Yana buƙatar matasa masu haƙuri da za su yarda su yi aikin da ba a tafa masa, su faɗi gaskiya ko ita ce za ta mayar da su baya. In ɗanku ko 'yarku ta ce irin wannan aiki take so, kada ku ce me za a samu a wajen ɓeraye.

Kwana biyu bayan taron na kira ta in ji yadda zaman gida yake. Ta ce jikinta bai saba ba, har yanzu da asuba take farkawa ta rasa inda za ta sa kanta. Sai ta yi ƙasa da murya, kamar mai tsoron kada abin ya gudu in an faɗe shi da ƙarfi.

"Ranar sallamar nan, da na koma gida rana ba ta faɗi ba. Ina ajiye jaka sai na ji ya ce, 'Yau kin dawo da wuri.'"

Na ce, "Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Na ce masa, daga yau kullum da wuri ne. Bai ƙara cewa komai ba. Amma na jawo kujera kusa da tagar, ina nan zaune. Ko zai ƙara."

Allah Ya sa ya ƙara, Anti. Mun gode.